Mai Neman Raket a Kasuwar Tanut

A rumfar gwanjo a kasuwar Tanut, wata doguwar mata sanye da takalman gudu tana gwada raket ɗin tenis. Biyu ne kawai. Ɗaya ya yi mata nauyi, mariƙinsa ya fi ƙarfin tafinta. Ɗayan daidai hannunta ne, amma zarensa ya tsintsinke. Tana kaɗa mai nauyin a iska, tana tsaki, tana murza wuyan hannu.

"Hajiya, ɗauki babban, maigida zai fi jin daɗinsa," in ji mai rumfar.

"Malam, ni zan buga."

Ina jin malamar wasanni ce da aka turo daga Damagaram, kuma ta gaji da wannan bayanin. Ta ɗauki mai tsinkakken zaren, tana tambayar inda ake sayar da zaren nailan.