Turmin da Iya Ba Ta Ƙarasawa

Gidanmu gidan mahauta ne a cikin birnin Daura. Ni ce mai sunan kakarmu Hajara, wadda muke kira Iya, shi ya sa Baba bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Ummi. Ita ma Iya ba ta taɓa kiran nasa ba, don ɗan farinta ne, akwai kunya a tsakaninsu. In tana so a kai masa tuwo sai ta ce, "A miƙa wa wancan." In ya gaishe ta da safe, ta amsa tana kallon bango. Haka na taso na gan su, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

A shekarun da aka fara shari'a kalangu ya yi shiru a unguwarmu, abin da ya rage mana mu yara shi ne murhun Iya. Lokacin sanyi, bayan an kai gero rumbu, da an ci tuwon magariba sai mu kewaye ta, ni da yayata da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. Baba kuma yana bayan zana, taku biyar daga gare mu, yana fiƙe tsinken tsiren gobe. Ba ma ganinsa, sai dai mu ji wuƙarsa tana cin kara.

Iya ta iya tatsuniya, kuma a kishingiɗe take yin ta, tana ɓare gyaɗa. Amma akwai guda ɗaya da ba ta barinta ta zauna. In za ta fara sai ta tashi ta gyara icen da ba ya bukatar gyara, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, ta kori akuyar da ba ta yi mata komai ba. Sannan ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan, ku matso ku ji ta. Ke takwara, rufe bakin nan naki mai kama da na tsuntsun gero."

Wai an yi wasu 'yan dambe biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, Na-Dama da ƙanensa Bahago. Da dambe suke ci da shi suke sha. Da kaka ta yi sai su naɗe zarensu su bi gari gari, har Kano, har Ikko. Na-Dama ya riga ƙanen yin suna, duk inda Bahago ya shiga fage sai makaɗa su ce ga ƙanen wane. Abin ya ci masa rai, har ya bar ɓangaren wansa ya koma ɓangaren abokan karawarsu. To daga nan mutane suka samu abin da suke so. Duk kasuwar da aka zauna, maganar ke nan, a haɗa su a gani. Makaɗa suna zuga wannan, su koma su zuga wancan.

"Uwar fa?" Ni ce kullum mai wannan tambayar.

"Uwar ta kama ƙaramin ta yi masa faɗa har muryarta ta dushe, bai ji ba."

"Babban fa?"

Sai Iya ta zunguri wuta. "Babban ba ta da bakin yi masa magana."

Aka sa rana, gari ya cika. Kowannensu aka naɗe masa hannu da zare har ya yi tauri kamar taɓarya. Dokar dambe kuwa, in ji Iya, duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, wasa ya ƙare. Turmin farko, wato zagayen farko, suka yi ba kisa. Na biyu ma haka. A na uku Bahago ya kawo naushi ya zarce, haɓarsa ta buɗe, Na-Dama ya ɗaga hannu. Kowa ya san in hannun nan ya sauka, sai an yayyafa wa yaron ruwa. Sai Na-Dama ya dubi fuskar ƙanensa, ya sauke hannun, ya kai gwiwarsa ƙasa da kansa.

Ba wanda ya yi tafi. Makaɗa suka ƙi yi wa Bahago kirari, don kowa ya ga ba naushi ne ya kai wan nasa ƙasa ba. Can cikin taro wani ya ce, "Sadaka aka ba shi." Aka kwashe da dariya. Bahago ya kwance zarensa ya yar a fagen, ya fita bai waiwaya ba, kuma bai ƙara taka gidan uwarsa ba.

A nan Iya take tsayawa. Ba ƙurunƙus, ba komai. Mu yi ta magiya, ita kuwa ta ce barci take ji, alhali idonta ƙyar a kan zana. Wallahi tatsuniyar nan ta sha hana ni sukuni. Ina kwance ina ƙarasa ta a raina, kowane ƙarshe na ɗora sai in ji bai zauna ba.

Wata rana, ina da kamar shekara tara, haƙurina ya ƙare. Dama an san ni da baki.

"Ni dai Iya, Na-Dama ne wawa," na ce. "Da ya naushe shi, da ya faɗi ya tashi sun koma gida tare. Ai ni ma in Yaya ta bar mini wasa da gangan, haushi nake ji."

Wuƙar bayan zana ta tsaya cak.

Iya ba ta mare ni ba, ba ta ma harare ni ba. Sai ta ce, "Takwara, kunnena ya yi nauyi. Maimaita da ƙarfi."

Na maimaita, har da ƙari.

"To yanzu da ya riga ya yi, me ya rage masa?"

"Ya je ya nemo shi mana, su ƙarasa turminsu."

Muka ji Baba ya tashi, tsinkayen da ke cinyarsa suka zube. Washegari bai fita mahauta ba, bai kuma kwana a gida ba. Innarmu ce ta ja ni ɗaki tana murɗe mini kunne, ta ce, "Kin san abin da bakinki ya jawo? Ba ki san kina da Baffa Habu a garin Babban Mutum ba, shekara goma sha ɗaya ba ya ga maciji da babanku?" Sai a lokacin na tuna kantar da ke bayan hannun Baba na dama, wadda na ɗauka ta aikin fawa ce.

Kwana uku Iya ba ta ci abin kirki ba. Ta leƙa zaure, ta dawo, ta share tsakar gidan da aka riga aka share. Ni ma na kasa zama, duk babur ɗin da ya wuce sai na fita da gudu.

Ran na uku da la'asar Baba ya yi sallama, idonsa na hagu a kumbure ya rufe ruf. A bayansa wani dogon mutum mai kama da shi, leɓensa a fashe. Daga baya muka ji a bayan wata gona suka yi, su biyu kaɗai, ba makaɗi ba ɗan kallo. Wanda ya kai wani ƙasa kuwa, har yau ba wanda ya ji daga bakinsu.

Iya ta miƙe. "Habu," ta ce, ta sake cewa, "Habu," kamar tana ɗanɗana sunan. Ta kama shi tana kuka tana zaginsa. Baba yana tsaye a gefe, ba ta dube shi ba. Sai da ta share hawaye ta ce mini, "Takwara, ɗora ruwan zafi, ki kai wa wancan ya gasa idonsa." Da yamman nan ta yi tatsuniyar a kishingiɗe, daga farko har ƙarshe, ta rufe ta da kan ɗan ɓera kamar sauran.

Damina ɗaya Iya ta ƙara gani a duniya. Su biyun suka ɗauki makararta.

Idon Baba bai sake gani sosai ba. Wannan shi ne abin da ke tsaya mini a rai har yau da nake da 'ya'ya maza biyu. Na gane cewa tausayin da aka yi wa mutum a gaban jama'a, ba tare da ya roƙa ba, yana iya fin naushi ciwo. Na gane kuma ba mu Iya take yi wa tatsuniyar ba, mu zana ce kawai ta biyu. Amma ko daidai na faɗa, ban sani ba. Na taɓa tambayar Baba, bayan na yi aure, ko yana jin haushina. Ya juyo da kyau don ya gan ni da idon da ya rage, ya ce, "Ummi, shekara sha ɗaya ina jira ta ce in je. Da bakinki ta faɗa."

Ɗan farina sunansa Lawal, sunan Baba. Dangi suna ta yi mini tsegumi wai ba ni da kunya, don ina kiransa gatsal a gaban kowa. Su yi ta yi. In ina da magana da shi, zama nake sa shi a gabana, in kira sunansa, in faɗa masa.