Ludayi Biyu a Ƙwarya Ɗaya

Babanmu Bagobiri ne, kuma a wurinsa mura ciwon mata ce da yara. Ko hancinsa na zuba kamar indararo, in ka yi masa sannu sai ya ce tonka ce ta yi yawa a miya. Shekarar da na je ganin gida Gidan Sori bayan girbi, mura ta kama shi kamun gaske, har Inna ta tasa shi gaba zuwa wurin likita. Likita ya ce ya rufe hanci, ya riƙa wanke hannu, kada ya yi musabaha, kada ya haɗa ludayi da kowa.

A makon ne amininsa Bafillace ya iso da shanu. Kowace shekara garkensa kan sauka gonarmu ya ci kara ya bar mana taki, kuma ba a ƙulla maganar sai sun sha fura da ludayi ɗaya, wannan ya kurɓa ya miƙa wa wancan. In babu takin nan, gonarmu rairayi ce zalla.

Baba ya yarda da maganar likita, amma ya rantse ba zai ce mura ta kayar da shi ba. Ya naɗe rawani har ido, ya ɓoye hannuwa cikin riga, ya tsaya can nesa yana kwarara gaisuwa kamar mai kiran salla. Baƙo ya miƙa hannu, hannu ya tsaya a iska. Ni kuma na kawo fura da ludayi biyu kamar yadda aka umarce ni, kunya kamar in nutse.

Bafillace ya dubi ludayin nan, ya dube ni. Ya ce ya ƙoshi, ya saɓa sanda, ya kaɗa shanunsa ya nufi gonar maƙwabcinmu.

Inna ta leƙo ta kan darni ta ce, "Malam, to bana sai ka shibka girman kai ka gani in yana hatsi!"

Baba ya bi shi da gudu, rawani na warwarewa. Yana isa tsakiyar garke atishawa ta kufce masa, irin mai tayar da kaji, har maruƙa suka watse.

"Aboki, tsaya!" in ji Baba. "Mura ta! Mura ag gare ni!"

Bafillace ya juyo, ya daɗe yana kallonsa. "To mi ya hana ka hwaɗi? Mu ma nagge in ba ta da lahiya ware ta mukai."

Ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya kora Baba gindin gawo kamar yadda yake kora saniya, har da ɗan fito. Baba ya tafi sumul. Na kawo ƙwarya ta biyu, ya tura masa ita da bakin sanda. Dariya ta ci ƙarfina har na zauna a ƙasa.

Da Bafillace ya shanye tasa, ya goge baki ya ce, "Tsohuwata na ruga, ƙirjinta ba shi da ƙarhi. Ni ka ba ta nono da hannuna." Ya dubi Baba can gindin gawo. "Ka kyauta, aboki."

Dariyata ta tsaya, tausayi ya kama ni. Ya tashi ya juyo da shanun gonarmu.