Kawu da Bindigar Cikin Silin

Kawuna mai gyaran sikeli ne. Shekara talatin yana zaune a ɗan shagonsa, shi da sukuddireba da duwatsun awo. Mutum ne da ko ba mota ko ɗaya a titi sai ya jira danja ta ba shi hannu. Ni da na gudu daga aji uku na kama babur, kallon laifi mai ƙafa biyu yake min.

Da Kaka ya rasu muna kwashe ɗakinsa, sai silin ya rufto. Bindiga mai baki biyu ta faɗo naɗe cikin bargo, da lasisin da gara ta ci rabinsa.

Na ce, "Kawu, mu mayar da ita mu buga ƙusa."

Ya ce, "Lasisin nan ya bi mai shi kabari. 'Yan sanda za su ajiye ta har in samu nawa. Tayar da babur."

"To mu sa ta a buhu mana."

"Ɓarawo ke sa abu a buhu, ɗan banza. Ni gadona na ɗauko."

Haka ya hau bayana da rana tsaka, bindiga a kafaɗa. Mun manta satin da ya wuce 'yan fashi biyu a kan babur suka harbe mai shagon waya a bakin kasuwa. Nan cunkoso ya tsayar da mu.

Wata mata ta kurma ihu, "Ga su nan sun dawo!"

Katako ya sauka a ƙeyata, na ga taurari har da 'ya'yansu. Aka fizgo Kawu ƙasa. Sai ya kwanta rub-da-ciki a kan bindigar don kada wani ya ɗauka, ya miƙa hannun dama da takardar lasisin yana ihu, "Ku karanta! Ku karanta!" Wa zai karanta? Wani mahauci ya ɗaga dutsen awo mai kilo biyar ya sauke a kan hannun, sau biyu. Na ji ƙarar ƙashin. Haƙorana biyu na cikin kwata, wani har ya gangaro da taya yana neman fetur, sai ga motar 'yan sanda.

Da aka juyo da Kawu, mahaucin ya dafe kai. "Wayyo, mai sikeli ne!" Dutsen ma Kawu ne ya daidaita masa shi.

Kawu ya tofar da jini, ya dubi sajan. "Ranka ya daɗe, a ba ni takardar shaidar karɓa."

Wata takwas kafin lasisi ya fito, da babban yatsan hagu ya dangwala. Yanzu bindigar na cikin akwatin ƙarfe, kwaɗo biyu, komai bisa doka. Yatsun da za su ja kunamarta ne dai babu. Sukuddireba ma ni nake riƙe masa, yana tsaye a kaina yana zagina.