Yadda Na Tona Asirin Rumbun Kawuna

A lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, saurayi mai rawar kai, ga sabuwar waya a hannu. Ba abin da nake so kamar bidiyon abincin mutanen duniya: masu cin kwaɗi, masu binne kifi sai ya ruɓe, masu shan shayi da gishiri. Ni da abokaina muna da zaure a waya inda muke tura irin waɗannan muna shan dariya, kowa na son nasa ya fi ban mamaki.

Da hutun damina na tafi ƙauyenmu wajen Kanambakashe, gidan kawuna da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Dattijo ne a 'yar majami'armu, wanda rumbunsa ke ciyar da Kirista da Musulmi in shekara ta yi wuya. Kwana uku ana kawo mini tuwon gero ni kaɗai a ɗaki, ina ci ina santi. Rana ta huɗu na leƙa bayan ɗakin girki, na iske matarsa tana tsiyaye ruwa daga tukunya cike da anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗacin tsiya, waɗanda sai an yi kwanaki ana jiƙawa ana sake ruwa kafin su ciwu. Na san sunan, amma ban taɓa tambayar kaina yaushe ake ci ba. Ta ja faifai ta rufe, ta roƙe ni in bari. Na zaci kunyar tsofaffi ce. Na buɗe na ɗauki bidiyo ina zolayarta, na tura zaurenmu na waya na ce mu ma ga namu abin al'ajabi.

Kafin ranar kasuwa bidiyon ya zagayo ƙauyen. Kowa ya gane tsakar gidan, kuma kowa ya san gidan da ake jiƙa anza rumbunsa ya ƙare. Ran Lahadi bayan sujada aka yi ta shigowa da kwanonin gero, har liman ya aiko da nasa. Kawu ya tsaya bakin zaure yana godiya. Da aka watse ya kira ni. Da ma faɗa ya yi mini, da na fi samun sauƙi. Tambayata kawai ya yi, tuwon da nake ci tun zuwana daga ina nake tsammanin ya fito. Ashe ɗan geron da ya rage suke tuƙa mini, su kuma su ci anza a ɓoye don kada in gane.

Daga ranar ya koma zama a sahun baya a majami'a, ya daina shiga kasuwa. Buhun geron da na aika masa ya ba maƙwabta ko kwancewa bai yi ba. Sau da yawa na je da niyyar neman gafara, amma har ya rasu ban furta ba. Wallahi abin na cin raina. Bara wani da ban sani ba ya turo bidiyon a wani zaure, an ɗora masa kiɗa, na ji muryata ina dariya.

Na koyi cewa abincin da kake yi wa dariya, wataƙila yunwa ce ta koya wa mai shi cinsa. 'Yan'uwana masu waya, ku ji tsoron Allah kafin ku haska girkin wani, ko na gida ko na ƙasar da ba ku sani ba. Ni na goge nawa tun ranar, amma har yau gidan kawuna na cikin yunwa a wayoyin mutanen da ba su san shi ba.