Siraran Tayoyi a Hanyar Kebbe

Shekarar da aka ba ni riƙon aikin allurar shanu na ƙasar Tambuwal da Kebbe ban cika talatin ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Turawa suna ta tattara nasu ya nasu, kujerun da suka bari kuwa ana ba waɗanda suka yi makaranta. Baturen dabbobin da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya tafi ya bar mini teburinsa da motar jif, da kuma mutum biyu da kowannensu ya haife ni.

Na farko wani dattijo ne malamin dabbobi, wanda ya yi shekaru yana zagaya rugage a kan doki tun ina makarantar elemantare. Kowa ya ɗauka shi za a ba kujerar. Ranar da takarda ta zo da sunana, ya shigo ya gaishe ni, ya ce Allah ya taya riƙo, ya koma wurin zamansa. Na biyu shi ne direban motar, tsohon soja, mutum marar yawan magana. Abin da ya tsaya mini a rai tun ranar farko shi ne, direban nan ƙanwar dattijon yake aure.

Motar kullum tana hanya. Mukan fita bayan asuba da ruwan allura a cikin akwatin ƙanƙara, mu nufi Kebbe ko ƙauyukan Sanyinna, mu dawo kafin magariba. Ruwan allurar nan na ciwon bushiya ne, kuma ba ya son zafi. In ƙanƙara ta narke kafin a kai ga shanu, to an yi tafiyar banza. Saboda haka duk abin da zai tsayar da mota a hanya, ni a wurina ba ƙaramin abu ba ne.

Da damina ta kankama tayoyin da Bature ya bari suka suɗe, aka ba mu izini mu je Sakkwato mu karɓo sababbi. Waɗanda ke jikin motar faffaɗa ne, Baturen ya sa an kawo masa su musamman, in mota ta tsaya da su sai ka ga kamar ingarma. Mai kula da sito ya mirgino mana iri biyu. Ga faffaɗan irin na Bature, ga kuma wasu sirara dogaye masu zurfin zane, waɗanda a idona suka fi kama da na amalanke. Na ɗora hannu a kan faffaɗan, direba kuwa ya tsuguna gaban siraran yana cusa yatsa cikin zanensu.

"Malam, waɗanga nika so," in ji shi.

"Don me, Baba? Bature bai san mota ba ne?"

"Ya sani. Amma shi da rani yaka fita, damina shina hutu ƙasarsu. Mu kullum muka fita. Lakar hanyar Kebbe sama-sama ta, ƙasanta da ƙarfi. Faffaɗar taya bisa laka taka yawo, siririya ko sai ta yanka ta iske ƙasa."

Ya ƙara da cewa sitiyari zai fi sauƙin juyawa, kututturan bakin hanya ba za su riƙa yagar gefen taya ba, kuma siririya ta fi zama daidai cikin sawun da manyan motoci suka haƙa. Tun da na san shi ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon haka ba, kuma wannan shi ya fi damuna. Na ce a raina wani ne ya kitsa masa ita tun daga gida. In motar ta riƙa kafewa, allura ta lalace, makiyaya suka tashi ba a yi wa shanunsu ba, ba direba za a tambaya ba. Za a ce an ba yaro aikin manya.

Da na ga dama da na sa hannu a kan faffaɗan, magana ta ƙare. Amma sai na yi wata dabara da a lokacin na ɗauka wayo ce. Na sa ya maimaita zancensa a gaban mai sito, na ce wa mai siton ya zama shaida cewa direba ne ya zaɓa, sannan na sa hannu. Direban ya dube ni, ya dubi mai sito. Ya ɗauki tayoyin ɗaya bayan ɗaya ya loda a bayan mota.

Daga ranar na sa masa ido. In ya buɗe kan mota da safe sai na sami dalilin tsayawa kusa. In ya rage gudu sai na dubi agogo. Da la'asar in mun dawo da wuri nakan bi ta unguwar dattijon da sunan miƙe ƙafa, kuma sau da yawa nakan ga keken direban jingine a ƙofar zauren. Na san gidan surukinsa ne, na san ba laifi ba ne mutum ya gaida suruki. Amma kullum?

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa muka iso wata fadama da ke kan hanyar Kebbe, ta cika ta shafe sawun mota gaba ɗaya. Ya tsaya, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya sari sanda ya shiga yana caka ƙasa, har ya kai can tsallake ya dawo. Ni ina zaune da akwatin ƙanƙara a tsakanin ƙafafuna, ina jin kamar da gangan yake jan ƙafa. Da ya dawo ya sa giyar ƙarfi ya shiga a hankali. Na ji tayoyin sun nutse, sai kuma na ji sun cafki wani abu a ƙasa, motar ta riƙa tafiya tana tsaga laka har muka fita. A nan wurin ne bara, Bature yana hutu, da faffaɗan tayoyi, muka yini sai da mutanen ƙauye suka zo da igiya.

Ya kamata wannan ya kwantar mini da hankali, amma bai kwantar ba. Cewa na yi, ai mai son kayar da mutum ba ranar farko yake sa masa ƙafa ba.

Haka muka yi ta yi har ƙarshen damina, ba mu kafe ko sau ɗaya ba. Sai saƙo ya zo daga wani arɗo da ke gabas da Kebbe cewa mutanensa za su tashi su yi kudu, in ana son yi wa shanu allura a zo ranar Laraba kafin azahar. Ruwa ya ɗauke kwana da yawa, hanya ta bushe. Tsakaninmu da rugar akwai wani rafi mai faɗi wanda ruwansa ya janye ya bar yashi tsantsa. Muna kaiwa tsakiyarsa motar ta yi nishi, tayoyin suka haƙa rami, ta zauna har gindinta ya kusa taɓa yashi.

Na sauko na tsaya a kansa. Rana ta riga ta ɗaga. "To, Baba, ga tayoyinka," na ce.

Ya ɗauko ƙusa daga aljihu, ya tsuguna gaban tayar gaba, ya danna bakin iskar, ta fara fita da ƙara. Ban san lokacin da na riƙe masa wuyan hannu ba. A tunanina ya ga motar ba ta gama mutuwa ba ne, zai ƙarasa ta.

"Me kake yi? Sace iskar za ka yi mu kwana nan? Wa ya aiko ka?"

Ya ɗaga kai ya dubi hannuna, ya jira har na sake shi don kaina.

"Malam, na gaya maka laka suka so, ban ce yashi ba. In anka rage iska sai su baje. In kana da wata dabara, ga mota."

Ba ni da wata dabara. Na koma gefe na jiƙa buhu da ruwan shanmu na lulluɓe akwatin ƙanƙara, ina kallonsa yana rage wa tayoyin huɗu iska har cikinsu ya kwanta. Ya tone yashin gabansu da shebur, ya saro ganyen kaba ya shimfiɗa. Da ya tada motar, ta yi kamar ba za ta motsa ba, sannan ta taso a hankali ta haye tudu.

A can kuma dole a mayar da iska, don ba a tafiya a kan tsakuwa da taya kwance. Famfon hannu ne, tayoyi huɗu. Ya buga biyu numfashinsa ya fara sarƙewa, na karɓa na buga sauran. Ba mu isa rugar ba sai da aka yi azahar. Ƙanƙara saura ɗan dunƙule, amma ruwan allurar da sanyinsa. Arɗo ya tsayar da mafi yawan mutanensa, sai dai gida biyu sun gaji da jira sun kora shanunsu tun hantsi. Muka yi wa waɗanda muka samu.

Washegari na je gidan dattijon da kaina, karo na farko. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu, muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Sannan na tambaye shi ko ya san zancen tayoyin.

"Ni nac ce mishi ya ɗauko sirara," in ji shi. "Hanyar ga na bi ta da doki kafin mota ta bi ta. Na san inda ƙasa taka da ƙarfi."

"Me ya hana ka gaya mini, Malam?"

"Da na gaya maka, da ka ɗauka?"

Na san amsar. Sai na tambaye shi abin da suke tattaunawa kullum da la'asar. Ya ce yakan tambayi surukin nasa inda muka je, da shanu nawa muka samu, da wane arɗo muka gani. Ya faɗi haka ido cikin ido, kamar ba kome. Na fito gidan ban san ko in gode masa ba ko in ƙara tsoronsa.

Bayan mako uku takarda ta zo daga manyanmu na Sakkwato, ana tambayata dalilin da ya sa wasu garke suka bar ƙasar ba allura. Takardar ta ambaci rafin, ta ambaci ranar, har ta ce an ji motar ofis na yawo da tayoyin da ba su dace da ita ba. Mu biyu ne a rafin nan. Amma arɗo ya ji labari daga bakinmu, kuma yana da hanyar kai kuka wurin hakimi. Mai sito ma ya san zancen tayoyi, don ni da kaina na sa shi shaida. Duk na san wannan, amma zuciyata ta tafi wuri ɗaya ta tsaya.

Na ba da amsa, aka karɓa, maganar ta mutu. Sai dai a ƙarshen amsar na roƙi a sauya mini direba, ban ba da dalili ba. Kafin wata ya ƙare aka mayar da shi wani gari mai nisa da iyalinsa. Ranar da zai tafi ya wanke motar, ya nuna wa sabon direban yadda ake rage iska a yashi da yawan bugun da kowace taya ke so, ya miƙa makulli. Ya zo ƙofar ofis ya ce, "Malam, a yafe mu." Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Dattijon yana zaune a teburinsa, bai ɗaga kai ba.

Sabon direban yaron kirki ne, ba ya zuwa gidan kowa, amma ba ya sauka ya auna laka da sanda, kuma a daminar da ta biyo mun kafe sau da dama. Dattijon ya yi shekara biyu ya yi ritaya, muna gaisawa lafiya lau har ya bar aiki. Ban taɓa gano wanda ya kai maganar rafin ba. Na taɓa tambayar wani akawu da ya yi aiki a Sakkwato a lokacin, ya ce shi bai tuna da wata takarda irin wannan ba.

Na sake ganin tsohon direban sau ɗaya, bayan shekaru, a kasuwar Dogon Daji. Ya tsufa ƙwarai, ya bar tuƙi, yana zaune a rumfar wani ɗansa mai sayar da dawa. Shi ya fara gane ni. Ya sa aka kawo mini fura, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, na tambayi nasa. Ya ce surukinsa ya rasu, na yi masa ta'aziyya. Na zauna har la'asar, tambayar tana bakina, shi kuma yana ta ba ni labarin gonarsa da yadda ruwa ya yi musu gardama a bana. Da aka kira salla muka tashi tare, bayan an sallame na shiga mota na koma Tambuwal.