Ladan Ya Je Damagaram Neman Muryarsa

Shekarar da ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ita ce shekarar da muryata ta fara toshewa. Ni ne ladanin ƙauyenmu da ke bayan Tirmini tun gemuna yana baƙi. A daminar nan jikina ya yi nauyi, ina jin sanyi mutane suna fifita, barci kuma ba ya isata. Majo, wato babban mai jinya na ɗakin shan maganin garinmu, ya aika jinina birni, aka ce wata 'yar tsoka ce a maƙogwaro ta yi kasala, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. Aka ba ni farar ƙwaya ƙarama, kullum ɗaya da safe. Shekara da rabi ina sha ban yi fashi ba, sau biyu ana ƙara mini ƙarfinta, ba abin da ya sake. Da na makara kiran asuba sau uku a mako guda, liman ya ja ni gefe ya ce sun sa wani ya riƙe, amma in na samu sauƙi kafin azumi wurina yana nan. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki a ga wata.

Mun tashi da asuba ran Litinin, ni da maiɗakina. Kafin mu fita sai da ta dama fura da nono, ta tsaya a kaina na haɗiye ƙwayar da ita kamar kullum, ta ƙara mini da jar ƙwayar ƙarin jini da take saya mini a kasuwa. Amalanke ya kai mu bakin kwalta. Motar da muka samu an yi ta ne don mutane, amma buhunan gyaɗa da awaki biyu sun riga mu zama, mu aka cusa a inda ya rage. Na so in gwada karatuna na ajin yaƙi da jahilci a allunan hanya, sai dai kafin in haɗa baƙi uku mota ta wuce. A shingen jandarma muka tsaya har rana ta yi zafi, saboda takardun direba suna aljihun wata rigar da ya bari a gida.

Da duwatsun Damagaram suka bayyana na ji daɗi, amma a tasha ran nawa ya ɓaci. Wani Bakano mai tallar magunguna a faranti ya dubi kumburin fuskata, ya rantse sanyin ƙashi ne, yana da maganinsa na kwana uku. Na ce masa shekara da rabi nake jin wannan kwana ukun. Bai ji haushi ba, ya juya yana yi wa maiɗakina tallar man shafawa.

A asibiti muka tarar da layi ya fito har gindin bishiya. Mun zauna tun hantsi, sai bayan azahar aka ɗebi jinina a ɗan kwalba, aka ce in dawo gobe. Aikin da ya cinye mana yini bai kai tsawon alwala ba.

Gidan ƙanen maiɗakina muka sauka a Birni, baduku ne. Lungunan unguwar ƙunci gare su da rairayi, mai babur ya sauke mu ya ce mu ƙarasa da ƙafa. Ko'ina warin jima da ƙarar guduma. Mun bi ta gaban masallacin da ya faɗi, na tsaya na duba, muka wuce. Ruwa kuwa a garin nan sai a yi hattara: famfon gidan iska yake busawa, mai garuwa kuma yana tafiya kamar basarake. Da rabin buta na yi alwala, mai masaukinmu yana kallon sauran rabin. An yi mana shinkafa da wake da yaji mai kyau, aka sayo awara mai zafi, wadda dama ita ce abin marmarina.

Washegari muka shiga wurin likita, mace ce, ba ta kai ɗiyata ta fari ba. Ta duba takardar jini, ta duba kwalin maganina, ta ce ƙarfin da nake sha ya kamata ya ishe ni, amma jinin yana nuna kamar ban cika sha ba. Na ce wallahi ban taɓa tsallake rana ba. Sai ta yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini.

"Baba, da me kake haɗiye ta?"

Maiɗakina ta riga ni amsawa, har da gyara mayafi. "Ai ni ba na barin Malam ya sha magani ciki ba komai, 'yata. Hanji yake ci, kowa ya sani. In ba fura da nono ba, to kunun kanwa, in an samu awara in haɗa masa. Ga ta ƙarin jini ma ina ba shi tare."

Likita ta ajiye alƙalami. Ta ce wannan ƙwayar ba kamar sauran ba ce. Nono da kanwa da waken awara da maganin ƙarin jini duk suna riƙe ta a ciki, ta fita ba ta shiga jini sosai ba. Da ruwa zalla ake shanta da an tashi, a jira kamar awa ɗaya kafin a karya, ta ƙarin jinin kuma sai rana ta yi nisa, in ma akwai buƙatarta. Ta hana ajiye kwalin a inda zafi ke dukansa, ta hana ƙara ƙarfi ba awo, ta ce in dawo bayan wata biyu a sake duba jinin. In har lokacin bai gyaru ba, akwai wasu abubuwan da za ta bincika. Na fito da littafina na rubuta duka da hannuna, ta jira ni har na gama.

Na tambaye ta ko muryar za ta buɗe kafin azumi. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin da ba nata ba, jiki yana ɗaukar makonni.

Muka shiga motar komawa gida har muka wuce shinge. Can maiɗakina ta ce, "To ni da na sani, Malam?" Na ce ba ita kaɗai ba, ni ma haka na taso na gani, kuma duk waɗanda suka miƙo mini kwalin nan ba wanda ya ɓata numfashi ɗaya ya faɗa. Wannan ne ya fi ci mini rai, har yanzu ma yana ci. Abin da na koyo dai, duk wanda aka miƙa wa magani kada ya tashi sai ya tambayi da me ake sha da kuma yaushe, ko da masu layi za su zage shi.

Mun iso gida da la'asar. Bayan salla na faɗa wa liman yadda muka yi, ban rage komai ba. Ya ce azumi ba ya jira, jama'a kuma suna buƙatar mai tashinsu sahur, don haka za su tabbatar wa wancan da ya riƙe ladancin. Na ce gaskiya ne, Allah ya taya shi riƙo.

Yau kwana goma sha biyu ina shan ƙwayata da ruwa, na fara farkawa ba a tashe ni ba. Abin da ya tafi kuwa: shekara da rabi na lafiya, damina ɗaya da ban iya yin noma na biyu ba, tunkiya da ɗanta da aka sayar don yawon magani, da ladancin shekara goma sha tara.