Jakar da Tsaya-Cak Ya Hau Dutse da Ita

A bakin layinmu, tsakanin shagon tela da na mai gyaran rediyo, akwai wani mai ɗaukar hoto da ake ce wa Tsaya-Cak. Sunan daga bakinsa aka tsince shi. In ka zauna a kujerarsa sai ya gyara maka wuyan riga, ya kama haɓarka ya ɗan juya ta, ya koma bayan kyamara, sai ka ji ya ce, "Tsaya cak!" Ko jariri aka kai masa haka yake ce masa, uwar tana dariya, shi kuwa ko murmushi babu.

Shagon ɗaki biyu ne. A na waje akwai kujera da madubi, da mataji da gwangwanin hoda, da wata kwat guda da yake ara wa masu zuwa hoton neman aiki. Rabin mazan layin nan da kwat ɗin nan suka samu aiki. Na ciki kuwa ɗakin duhu ne inda yake wanke hotuna, warin maganin har a jikin rigarsa. Babbar kyamararsa tana zaune a kan ƙafa uku na ƙarfe, ta daɗe a wurin har ƙafafun sun yi wa siminti rami. Tun yana saurayi fuskokin mutane yake ɗauka, kuma duk hoton da ya ɗauka wani ne ya shigo ya ce a ɗauke shi.

To, sai duniya ta juya. Matarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Yarsa guda ɗaya ce, tana can nesa gidan miji. Ga kuma wayoyin nan sun shigo, kowa ya zama mai hoto. Sai ya buɗe shago da safe, ya share, ya goge madubi, ya zauna a kujerar da ya saba zaunar da mutane, har rana ta karkata ba wanda ya ɗaga labule. Da rana ya ci abincinsa shi kaɗai, ya wanke kwano ɗaya da cokali ɗaya.

Sai kuma ido ya fara. Da fari ƙofa ce yake yawan bugewa da kafaɗa. Tela ya ɗaga masa hannu daga gefe, ya wuce bai amsa ba, har tela ya yi fushi ya ce, "Maƙwabci, gaisuwar ma ka rufe shagonta ne?" Da ya je asibiti likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce ciwon nan ne da ke cin gani daga gefe-gefe yana matsowa tsakiya. Abin da ya tafi ya tafi. Ya ba shi maganin ɗigawa ya ce zai rage masa gudu, amma ba zai tsayar da shi ba. A lokacin Tsaya-Cak yana ganin duniya kamar mai leƙe ta cikin bututu, bututun kuma kullum ƙara tsukewa yake.

Akwai wani dutse da ya taɓa gani. Ranar da suka kai 'yarsu garin mijinta, a hanyar dawowa motarsu ta lalace a gindinsa. Shi da matarsa suka ɗan hau don su sha iska kafin a gyara. Suna juyowa sai ga kogi a ƙasa ya yi lanƙwasa, gonaki sun shimfiɗu har inda ido ya ƙare. Matar ta ce, "Kai da kake ɗaukar kowa, wannan ba za ka ɗauke shi ba?" Ya ce, "Wa ya aiko ni?" Suka sauko. To yanzu da likita ya faɗa masa abin da ya faɗa, ba abin da ya tsaya masa a rai sai wannan wuri. Ya ce sai ya koma ya ɗauke shi tun idon yana da sauran amfani.

Amma fa mutumin da bai taɓa fita da kyamara ba, ina ya san yadda ake haɗa kayan tafiya? Akwatin ƙarfe ya jawo daga ƙarƙashin gado. Ya sa babbar kyamara, ya sa fitilar walƙiya da batiranta, ya sa gilasan kyamara duk da yake da su, manya da ƙanana, ya ɗaura ƙafa uku a sama da igiya. Ya zo ɗagawa, bayansa ya ce ƙas. Sai da ya kwana biyu yana tafiya a karkace.

Tela ya shigo duba shi, ya buɗe akwatin yana tonawa. Can sai ya zaro mataji da gwangwanin hoda ya ɗaga sama.

"Dattijo, dutsen za ka taje wa kai? Ko kogin ne za a shafa wa hoda?"

"Ajiye mini kayana. Hannu ne ya saba."

"To ka haɗa da kwat ɗin mana, ko dutsen zai nemi aiki."

Daga ranar nan Tsaya-Cak ya samu abin yi. Kowace safiya sai ya zuba kaya a buhu ya rataya, ya taka zuwa ƙarshen layi inda famfo yake, ya dawo. In ya dawo yana haki sai ya zazzage su a kan tabarma, ya zauna ya yi ta kallonsu, ya cire abu ɗaya. Fitilar walƙiya ce ta fara fita, ya ce rana ta ishe shi. Babbar kyamara ta fi ba shi wuya. Ya cire ta, ya mayar, ya sake cirewa, ya goge ta da tsumma ya rufe ta da zanen matarsa. A madadinta ya ɗauko wata ƙarama baƙa da ya taɓa saya bai cika amfani da ita ba. Gilasai kuwa ya jera su, ya ɗauki mai jawo abu kusa ya ajiye, ya ɗauki na ɗaukar fuska ya ajiye, ya tsaya a kan guda ɗaya, mai kwaso fili da faɗi. Ya ce shi ne zai gani masa abin da idonsa ya daina gani.

'Yarsa ta bugo waya, tela ya riga ya kai mata gulma.

"Baba, wai dutse za ka hau? Da wane idon?"

"Da wanda ya rage."

"Ka bari mana in an yi hutu mu zo da mota mu kai ka."

"To, Allah ya kai mu," ya ce. Ya san in ya jira hutun, dutsen zai je ya tarar amma ba zai gan shi ba.

Tela duk da bakinsa shi ya ɗinka masa jaka. Ya samu ragowar yadi mai kauri, ya cusa auduga a tsakani, ya yi mata igiya mai faɗi don kada ta ci kafaɗa. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi a sa burodi ba. Kyamara ta shiga, fim biyu suka shiga, da tsumman goge gilashi, da maganin ido, da gorar ruwa a gefe. Saura ƙafa uku. Tsaya-Cak ya gwada rataya ta a baya, tana dukan ƙwaurinsa. Ya gwada riƙe ta kamar sanda, nauyinta ya sauke masa hannu tun kafin ya kai famfo.

Tela ya ce, "Kai ma da ƙyar kake jan ƙafa biyu, za ka ƙara uku? Yaran yanzu a hannu suke ɗauka, suna tafe suna cin cingam."

Tsaya-Cak ya tsaya ya yi ta kallon ƙafa ukun. Daga baya ya mayar da ita cikin raminta na siminti, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo.

Da hantsi ya shiga mota. Ya zauna jikin taga, jakar a cinya, ya rungume ta da hannu biyu. Ba wanda ya san shi a motar, ba wanda ya ce masa komai sai kwandasta. Da ya ce a sauke shi gindin dutse, direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Baba, nan ba gari fa. Motar ƙarshe kafin faɗuwar rana take wucewa, in ta wuce ka sai gobe." Ya ce ya ji.

Hawan ya ba shi wuya. Mai ganin bututu in ya kalli gabansa ba ya ganin ƙafarsa, in ya kalli ƙafarsa ba ya ganin gabansa. Sai ya duba hanya, ya sunkuya ya taka, ya tsaya, ya sake dubawa. Ƙaya ta kama masa wando, ya zame ya ɗaye gwiwa, amma jakar ba ta taɓa ƙasa ba. Kuma ɗinkin tela ya yi kyau, ba ta dame shi da nauyi ba ko kaɗan. Rana ta karkata sosai kafin ya kai wani fako da ya ga kamar nan ne suka taɓa tsayawa. Ya juyo. Kogin yana nan. Sai dai yanzu ba ya ganinsa gaba ɗaya, sai ya bi shi da kai a hankali kamar mai bin zare.

Ya ciro kyamara ya kai ido. Sai ya ga kogin yana rawa. Ya sauke, ya goge gilashi, ya sake ɗagawa. Kogi na rawa, gonaki na rawa. Ya duba hannunsa, ashe shi ne ke karkarwa. Wallahi bai taɓa sanin hannunsa na yi ba. Duk tsawon aikinsa ƙarfe ne ke riƙe masa kyamara, shi yatsa ɗaya kawai yake sawa. Ya manna gwiwar hannu a ƙirji, ya riƙe numfashi, abin ya ƙaru. Ya jingina da dutse, bai daina ba. Kuma ya san aikinsa, hasken yamma ya yi laushi, in ya danna a haka ba abin da zai fito sai hazo.

Ya zauna a ƙasa, kyamara a cinya. Ba kowa a wurin, ko makiyayi babu, sai iska da kukan wani tsuntsu can ƙasa. Ya sha ruwa. Ya ɗiga maganin ido, rabi ya bi kumatu. Ya daɗe a zaune yana kallon inuwar dutsen tana tafiya a kan gonaki.

Can ya gwada ɗora kyamarar a kan wani dutse mai tudu a bakin fakon, sai ta karkace tana neman zamewa. Ya sa tsakuwa a ƙarƙashi, ta goce. Sai idonsa ya faɗa kan jakar. Ya zazzage abin da ke ciki a hularsa, ya rarrafa yana kwasar yashin da ruwa ya tara a tsagar dutse, yana zubawa a jakar da tafin hannu har ta cika. Ya ɗora ta a kan dutsen, ya danna tsakiyarta ta yi gurbi, ya zaunar da kyamara. Ta zauna daram.

Dutsen gajere ne, sai da ya kwanta rub da ciki, dattijo da furfurarsa, kafin idonsa ya kai ramin leƙawa. Ba ya iya ganin hoton duka, sai ya zagaya da ido kusurwa-kusurwa, nan sama, nan kogi, nan gona. Gefen hagu ya yi masa duhu, ya bar shi a yadda yake. Ya murɗa ɗan abin nan da ke sa kyamara ta jira kaɗan kafin ta ɗauka da kanta, ya janye hannunsa ya sa a ƙarƙashin ƙirji. Ta yi ƙyas. Ya sake, ya sake, har fim ɗin ya ƙare. Na biyun bai samu sawa ba, don ya jiyo ƙarar mota daga nesa. Ya zubar da yashi, ya gangaro rabi da ƙafa rabi da mazaunai. Direban ɗazu ne, ya tsaya yana ta danna oda.

Washegari ya shiga ɗakin duhu. Jar fitilar nan da ya saba aiki da ita ba ta nuna masa komai yanzu, da hannu ya yi komai, hannun ya san inda kowace tasa take. Ya wanke, ya zaɓi ɗaya, ya buga shi babba, ya shanya a igiya. Da ya bushe ya fito da shi bakin ƙofa wurin haske, ya ƙwala wa tela kira.

Tela ya zo da tef a wuya, ya karɓa, ya miƙa hannu nesa yana dubawa.

"Ba kowa a ciki."

"Na sani. Ya yi hazo?"

"Hazo? Har ganyen bishiya ina iya ƙirgawa. Kai, dattijo, ashe ruwa ya kusa dukanka."

"Wane ruwa?"

"Ga shi nan ta hagu. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, yana zuba a kan gonakin can, rana kuma ta ɓullo ta ƙarƙashinsa. Kai ba ka gani ba?"

Tsaya-Cak ya karɓi hoton ya kawo shi dab da hancinsa. Ya fara daga kogi, ya bi shi a hankali, ya haye gonaki, ya yi hagu, ya yi hagu, har ya iso wurin. Ya tsaya a nan.

"Na dai ji ƙamshin ƙasa," ya ce.

Wata mata ta leƙo tana neman tela, wai ɗinkinta tun wancan makon. Tela ya bi ta yana rantse-rantse, jim kaɗan keken ya fara ƙara. Shi kuwa yana nan tsaye a bakin ƙofa, hoton a fuskarsa, yana bin ruwan daga sama zuwa ƙasa, har inuwa ta rufe ƙofar shagon.